Daga Aji Zuwa Kujerar Farfesa: Inda Mata Suke Maƙalewa a Jami'o'in Najeriya

Duk bayan shekara biyar, jami'ar gwamnati a Najeriya takan sayi shafi a jarida ta yi shelar neman sabon shugaba. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba. Mai nema ya zama farfesa, galibi wanda ya shekara goma a kan matsayin, yana da digirin digirgir, ya wallafa maƙalu da yawa, ya taɓa riƙe sashe ko tsangaya, kuma shekarunsa ba su haura iyakar da aka gindaya ba. Babu layin da ya ce sai namiji. Duk da haka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ba ta taɓa ɗora mace a kan wannan kujera ba. Haka Jami'ar Bayero ta Kano, haka Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, haka ta Maiduguri. Kafin wani ya ce ai halin Arewa ne, Jami'ar Ibadan, uwar jami'o'in ƙasar, tun 1948 maza ne ke gadon juna a cikinta.

Shelar jaridar ba ta hana kowa ba. Abin tambaya shi ne, wa yake isowa bakin ƙofar da sharuɗɗan a cike? Ɗan lissafi kaɗan zai nuna. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18, ta gama a 22 ko 23, ta yi hidimar ƙasa, aka riƙe ta a sashenta a matsayin ƙaramar malama, ta yi digiri na biyu da na uku ba tare da tuntuɓe ba, za ta kai matsayin farfesa ne tana wajen shekara 45 zuwa 50. A ƙara shekara goma a kai. Ke nan matan da suka cancanci neman kujerar a yau su ne waɗanda suka shiga jami'a a shekarun 1980, lokacin da a wasu sassan kimiyya na jami'o'in Arewa ana iya irga matan aji da yatsun hannu ɗaya. Fuskokin da ake gani a zauren majalisar malamai yau sakamako ne na shawarar da iyaye suka yanke shekara arba'in da suka wuce.

Tarihin ma bai fara da adalci ba. Turawan mulkin mallaka sun buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, ta maza zalla, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, sannan makarantar horon malamai mata a Sakkwato a 1939. Abin da aka fi ba ƙarfi a waɗannan makarantu shi ne ɗinki da girki da tsabta da renon yara, wato ana shirya matan aure ne ga sababbin 'yan boko, babu wanda yake tunanin jami'a. A Kudu, inda makarantun mishan suka riga suka kafu, sai a 1963 aka sami 'yar Najeriya ta farko mai digirin digirgir, Grace Alele-Williams, wadda ta karanci koyar da lissafi a Jami'ar Chicago ta Amurka. Sai a 1973 aka sami farfesa mace ta farko, Felicia Adetoun Ogunsheye, a fannin ilimin ɗakin karatu a Ibadan. A 1985 Alele-Williams ta zama shugabar Jami'ar Benin, mace ta farko da ta riƙe jami'a a ƙasar, kuma ta iske ƙungiyoyin asiri sun yi katutu a makarantar, ta yi fito-na-fito da su.

Duk taron da aka yi kan ilimin mata a ƙasar Hausa, sai an ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu, kuma ta cancanci ambato. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jagorori mata da ake kira jaji, da malfarsu a ka, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da matan karkara. Sai dai masu jawabi sukan tsaya a yabon sunanta, su tsallake dabarar da ta yi. Ta lura cewa matar aure mai goyo ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki ba, sai ta ɗora aikin a kan dattijai mata da 'yan mata ƙanana waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, ta sa ilimin ya je har tsakar gida. Ta gina makarantarta a kan yadda rayuwar mata take. Jami'ar zamani kuwa an gina ta ne a kan rayuwar malami namiji wanda wata take dafa masa abinci, take kai yaransa asibiti.

Alƙaluman hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da na hukumar ƙididdiga suna nuna siffa guda. A matakin digiri na farko, mata sun haura kashi 40 cikin 100 na ɗalibai. A cikin malaman jami'a, sun koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin farfesoshi, ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Duk matakin da aka hau, sai adadinsu ya ragu. Wannan matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne, ya haɗa Legas da Gusau a kwano ɗaya, ya kuma haɗa sashen koyar da jinya da sashen injiniyan lantarki.

Ba Najeriya kaɗai ba ce. A ƙasashen Tarayyar Turai, mata sun kusa rabin masu samun digirin digirgir, amma rahoton tarayyar na 2021 ya nuna kusan kashi 26 cikin 100 kawai suke riƙe da matsayi mafi girma na koyarwa. UNESCO ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na masu bincike a duniya mata. Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta shafe shekaru tana bin diddigin albashin maza da mata a Amurka, ta gano cewa masu ilimi iri ɗaya sukan fara aiki kafaɗa da kafaɗa, tazarar tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Idan haka take faruwa a inda mace take haihuwar ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa bayan ta cika talatin, sai a auna yadda abin zai kasance a inda ake aure da wuri, a haifi biyar ko shida.

A nan ne ya kamata a zauna a duba yadda ƙarin girma yake a jami'a, domin a nan ake barin mata a baya, ba tare da hayaniya ba. Daga ƙaramin malami mai digiri ɗaya zuwa farfesa akwai matakai shida da za a hau, kuma a yawancin jami'o'i sai an yi aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki. Daɗewa kawai ba ta isa. Kowane mataki yana da adadin maƙalun da ake so a ga an buga a mujallun ilimi, a manyan matakan kuma sai an aika ayyukan mutum ga wasu farfesoshi na waje su tantance. Babu digirin digirgir, babu zama babban malami. Koyarwa, duba takardun jarrabawar ɗalibai ɗari biyar, sauraren koken ɗalibar da aka kora daga ɗakin kwana, duk waɗannan suna cin yini, amma makinsu a takardar ƙarin girma kaɗan ne. Abin da yake da maki shi ne rubutu, rubutu kuwa yana son awanni a jere da kai a natse.

Shekarun da ake son malami ya gama digirinsa na uku ya tara maƙalu, wato daga 27 zuwa 40, su ne daidai shekarun ciki da jego da yaye. Malamin da ya tashi daga ofis ƙarfe huɗu yakan ci abinci, ya huta, bayan isha'i ya buɗe kwamfuta. Abokiyar aikinsa da suka tashi tare za ta biya kasuwa, ta ɗauko yara daga Islamiyya, ta ɗora tukunya, in gidan da abokiyar zama ne ga ranar girki da ba ta ɗaguwa saboda mujalla ta ba da wa'adi. Suna, biki, gaisuwar rasuwa, jinyar uwar miji a asibiti, duk ita ake fara nema, kuma in ba ta je ba ita za a zarga da cewa boko ya hau mata kai. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na kusan wata huɗu, jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida a 2019, amma kwamitin ƙarin girma ba ya rage ko maƙala ɗaya saboda an haihu. Ɗalibar digiri na biyu ko na uku kuwa ba ta da hutun haihuwa kwata-kwata, sai dai ta nemi a jingine mata zango ko shekara.

Sai batun tafiya. Bincike yana buƙatar zuwa taron masana a wani gari, zama a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, wani lokaci shekara uku ko huɗu a Malesiya ko Ingila ko Masar. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka sake wa fasali a 2011, ya ɗauki nauyin dubban malamai zuwa irin wannan karatu. Namiji yakan karɓi takardar ya sayi tikiti, iyalinsa su biyo baya ko su jira shi. Mace sai ta fara da neman yardar miji, sannan tambayar wa zai riƙe yara, sannan a wasu gidajen batun muharrami. Mijin da zai ajiye aikinsa ko kasuwancinsa ya bi matarsa wata ƙasa shekara uku bai cika yawa ba. Da yawa sukan haƙura su yi digirin a jami'ar da suke koyarwa, suna ɗauke da cikakken nauyin aji, karatun shekara uku ya koma bakwai. A ɗora yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU a kai, wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Yajin aiki yana cutar da kowa, amma ga budurwar da mahaifinta ya yi wa alkawarin za a jira ta gama kafin a sa rana, wata takwas a gida yakan zama ƙarshen alkawarin.

Labarin Rabi'a Salihu Sa'id ya nuna wata hanya da matan Arewa da dama suke bi. An haife ta a 1963 a yankin Gezawa ta jihar Kano, ta yi aure tana da shekara 18 bayan ta gama sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai da ta kai 29. Ta buɗe makarantar rainon yara tana samun abin biyan kuɗin karatu, ga 'ya'ya shida. Ta karanci kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ta ƙware a binciken sararin samaniya da yanayi, a 2015 ta karɓi kyautar Gidauniyar Elsevier da ake ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin mata 100 na duniya, daga baya ta zama farfesa. Akan ba da labarinta don ƙarfafa gwiwa, kuma ya dace da hakan. Amma shekara goma sha ɗaya da ta yi tsakanin sakandare da jami'a ba ta dawowa. Tsarin da yake da iyakar shekaru wajen ɗaukar ƙananan malamai, wajen ba da guraben karatu na waje, har wajen neman shugabanci, yana hukunta duk wadda ta biyo ta wannan hanya, komai kaifin basirarta. A yankin da binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna fiye da rabin matan Arewa maso Yamma ba su taɓa shiga makarantar boko ba, mai dawowa karatu bayan aure ba baƙuwa ba ce, ita ce babban kaso na waɗanda ake da su.

Akwai kuma siyasar cikin gida, wadda ba a rubuta ta a kundin dokokin kowace jami'a. Shugaban tsangaya zaɓensa ake yi, kuma ƙuri'a ba a ranar zaɓe ake nemanta ba. Ana ƙulla ta a majalisar da ake zama bayan magariba, a ƙofar masallacin unguwar malamai, a kulob ɗin ma'aikata, a motar da aka cika aka tafi ta'aziyya wani gari. Malama ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan, in kuma ta kutsa, bakin mutane ya ishe ta. Abin da akan miƙa mata shi ne kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, kwamitin walwala, kwamitin abincin taro, ayyuka masu gajiyarwa da ba sa kai mutum ko'ina. Ita kanta ASUU, mai fafutukar adalci, tun kafuwarta a 1978 daga Biodun Jeyifo zuwa Mahmud Tukur, zuwa Attahiru Jega, zuwa Nasir Fagge, har kan Chris Piwuna, ba ta taɓa zaɓen mace a matsayin shugabarta ta ƙasa ba.

Wasu za su ce matan ne da kansu suke zaɓar tsayawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai malamar da ta duba ta ga matsayin babbar malama ya ishe ta, tana son lokacinta da 'ya'yanta, babu mai ikon raina mata wannan. Akwai kuma mazajen da suka tsaya wa matansu tsayin daka, suka sayar da fili aka biya kuɗin makaranta, suka toshe kunne daga surutun dangi. Sai dai zaɓi yana zama zaɓi ne idan ɗaya hanyar a buɗe take. Wadda aka sa wa taron sashe ƙarfe biyar na yamma, babu gidan raino a harabar makaranta, ɗan wata bakwai yana gida yana jiran nono, ba a ce ta zaɓa ba.

Me ƙasa take asara? Hadiza Galadanci amsa ce mai kyau. Farfesa ce a fannin haihuwa da cututtukan mata a Jami'ar Bayero, tana aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani babban gwaji da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, game da zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego. Dabarar mai sauƙi ce: shimfiɗar leda mai ma'auni da take nuna yawan jinin da ya zuba, da haɗa magunguna a ba da su lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Namiji ma zai iya wannan bincike, babu musu. Amma a yankin da magidanta da yawa ba sa son likita namiji ya duba matansu, kuma mata da yawa ba sa buɗe bakinsu sai ga 'yar uwarsu mace, likita mace da malamar da za ta horar da ita ba kwalliya ba ne. Wannan ƙishirwa ce ta sa gwamnatocin jihohi da iyaye masu hali suka riƙa tura 'yan mata karatun likita a Sudan, ƙasar da take da Jami'ar Ahfad ta mata zalla a Omdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a 1907. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro ɗaliban gida, da yawansu karatu bai ƙare ba.

Abubuwa biyu suna sa uba ya maƙale takardar shiga jami'ar 'yarsa a aljihu, kuma duka biyun ba ƙagagge ba ne. Na farko lalata da ɗalibai don ba da maki. A Disambar 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu bayan ɗalibarsa ta naɗi muryarsa a waya. A Oktoban 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da hotunan ɓoye daga Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. A Agustan 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga kan shugaban tsangayarsu. Majalisar dattawa ta amince da ƙudirin hukunta irin wannan laifi tun 2020, aka yi ta jan ƙafa a kansa shekara da shekaru. Rashin jin irin waɗannan labarai da yawa daga Arewa bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba, domin a inda tonon asiri yake iya hana yarinya mijin aure, shiru shi ne abin da za a fi ji.

Na biyu tsaro. Bayan sace 'yan mata 'yan makaranta a Chibok a 2014, Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, abin ya iso manyan makarantu. A Satumbar 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a unguwar Sabon Gida suka kwashi fiye da ashirin, yawancinsu mata. Bayan makonni kaɗan aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. A duka biyun, a wajen harabar makaranta suke zaune, domin ɗakunan kwanan ciki ba su isa ba. Ginin ɗakin kwana da katanga da fitila ba ya kama da batun daidaito a idon mai tsara kasafi, amma shi ne abin da uba yake tambaya kafin ya ce to.

Duk da haka an motsa, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Gambo Laraba Abdullahi, masaniyar kimiyyar sinadarai 'yar Azare, ta shugabanci Jami'ar Abuja tun kafin abin ya zama ruwan dare. Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta tashi daga Jami'ar Bayero ta zama ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013. Fatima Batul Mukhtar ta riƙe Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021, daidai lokacin da Angela Miri take riƙe da ta Lokoja. Kaletapwa Farauta ta bar shugabancin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta zama mataimakiyar gwamna a 2023, Fatima Tahir ta karɓi jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau. A Kudu an samu Lilian Salami a Benin, Florence Obi a Kalaba, Nnenna Oti a Owerri, sai Folasade Ogunsola da ta karɓi Jami'ar Legas a 2022, shekara sittin cif bayan kafa ta. Maƙwabta ma haka: Bouli Ali Diallo ta taɓa shugabantar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Naana Jane Opoku-Agyemang ta hau kujerar Jami'ar Cape Coast a 2008, a Janairun 2025 kuma aka rantsar da ita mataimakiyar shugaban ƙasar Ghana.

Wanda ya ga wannan jeri ya ce magana ta ƙare, kallon kitse yake yi wa rogo. A Arewa kusan duka sunayen na sababbin jami'o'i ne ko na jiha, inda sa hannun gwamna ko na shugaban ƙasa yake da nauyi, tsofaffin kuwa, inda sai an ratsa siyasar malamai ta shekara talatin, suna nan yadda suke. Kujerar da ta zo ta hannun hukuma tana iya tafiya ta hannun hukuma. Aisha Maikuɗi ta zama cikakkiyar shugabar Jami'ar Abuja a farkon 2025 cikin taƙaddama kan cika sharuɗɗa, a watan Fabrairu fadar shugaban ƙasa ta sauke ta. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne a shiga sashen lissafi ko injiniya a irga manyan malamai mata nawa ne, sannan a irga matan da suka yi rajistar digirin digirgir shekara bakwai da suka wuce, nawa suka gama.

Da an ambaci ware wa mata kaso, sai muhawara ta yi zafi, a ce za a zubar da cancanta. Abin mamaki, Najeriya ta daɗe da karɓar kaso a shiga jami'ar tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Arewa ce ta fi cin moriyar wannan tsari, kuma hujjarsa ita ce wanda tarihi ya danne ba a haɗa shi tsere da wanda ya riga shi tashi. Hujjar tana aiki a kan jiha, da an zo kan mace sai a ce ba ta aiki. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta ambaci kashi 35 na muƙamai ga mata, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirorin mata a Maris na 2022, wata babbar kotun tarayya ta ce a aiwatar da kason a watan da ya biyo baya, har yanzu yana kan takarda. Uganda ta gwada tata hanyar: tun 1990 Jami'ar Makerere take ƙara wa 'yan mata maki ɗaya da rabi wajen shiga, kuma a 'yan shekarun nan mata sun haura rabin masu karɓar digiri a bukukuwan yaye ɗalibanta. Farfesoshin Makerere kuwa har gobe yawancinsu maza ne. Kaso yana faɗaɗa ƙofar shiga, ba ya rubuta wa kowa maƙala, kuma babu malamar kirki da za ta so a ce an ba ta farfesa ne don tana mace.

Abin da ya fi kama da magani an riga an gwada shi a nan gida, a makarantun koyon jinya da ungozoma. Daga 2012 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa a Kano da Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, waɗanda sakamakon sakandarensu bai kai ba, a ba su shekara guda ta share fage a kimiyya da Turanci kafin su shiga makarantar sosai. An zauna da iyaye da mazaje da masu unguwanni aka sami yardarsu, an gyara ɗakunan kwana yadda mai goyo za ta zauna da jaririnta, an buɗe wuraren raino. Matan da aka yanke wa ƙauna suka zama ungozomomi a garuruwansu. Jami'a tana iya kwaikwayon wannan ba tare da ta taɓa ma'aunin cancanta ba: gidan raino kusa da azuzuwa, tarukan sashe cikin lokacin aiki, ƙara wa mai jego wa'adin kammala digiri da na tara maƙalu, sassauta iyakar shekaru ga wadda ta dawo karatu bayan aure, da ba aikin kula da ɗalibai makin da ya dace da wahalarsa. Kuɗin waɗannan duka bai kai na ginin sabuwar ƙofar shiga jami'a mai ado ba.

Wani sauyi da ya zo ba don mata ba yana iya shafarsu fiye da kowa. Daga Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda faɗuwar naira da kuma yawan waɗanda suke tafiya su ƙi dawowa, ta ce za ta karkata kuɗin ga karatu a jami'o'in gida. Malaman da suka sa rai da tafiya sun ji zafin abin. Ga malamar da dama tafiyar ba ta yiwu mata, tallafin da zai biya mata karatu a Zariya ko Kano ko Ilori, tana iya dawowa gida ƙarshen mako, ya fi mata wanda ba za ta taɓa iya karɓa ba. Sharaɗin shi ne kuɗin su isa ɗakunan gwaje-gwajen da yanzu ake aika samfurinsu wani gari a auna, a rage wa mai karatu nauyin aji da gaske, kuma a sami masu duba aikin da ba sa riƙe babi guda wata shida a cikin mota.